Takobin da kakanmu ya dawo da shi daga yaƙin Bama: in kai a goge ko in bar shi?

Jikan Saje:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Kakana na wajen uwa tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ya dawo gida a 1946. Abin da muka taso muka gani na zamanin sojansa bai wuce uku ba: lambobin yabo a cikin gwangwanin taba, wani bargo mai kaushi, da takobi. Mu yara ba mu san shi da wani suna ba sai "takobin Japan". A bayan ƙofar ɗakinsa yake rataye, kuma ko kaza ba ta isa ta bi ta wurin ba. Bayan rasuwarsa takobin ya koma cikin adakar Inna, nannaɗe da tsohon zane, har muka manta da shi. Watan jiya muna kwashe kaya saboda rufin ɗakin na yoyo na ci karo da shi.

Ga yadda yake. Mariƙin an yi masa saƙar gicciye da wani zare mai faɗi kalar ƙasa, a ƙarƙashin zaren akwai wata farar fata mai ƙurji-ƙurji. Kuben ƙarfe ne, an sa masa rigar fata da ta bushe ta tsattsage. Akwai wani ɗan maɓalli kusa da mariƙi, sai ka danna shi takobin zai zaru. A jikin kayan tagullar akwai zanen ƙananan furanni masu ganye biyar. Ruwan takobin kaifi ɗaya gare shi, ya ɗan lanƙwasa, ya dushe, da tabon tsatsa nan da can. Amma da na haska shi da fitilar waya a karkace, sai na ga wani layi fari-fari yana bin kaifin tun daga gindi har tsini, yana hawa yana sauka kamar sawun maciji a yashi.

Wani mai sayen kayan da ya zo ya gani, ya juya shi sau biyu, ya ce na jabu ne amma zai taimaka mana da naira dubu 150. Wannan taimakon ne ma ya sa na fara zargi. Ƙanena kuma ya dage sai mu kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa ya ɗora shi a inji ya yi ƙyalli, wai ya fi yin kuɗi. Ni ba lallai sayarwa nake so ba. So nake in san mene ne a hannunmu, wa ya ƙera shi, kuma yaya ake gane na gaske. Akwai wanda ya san kan abin?

Ɗan Gwangwan:

Malam ka tsinci dami a kala! Na kalli wani bidiyo, akwai takobin wani maƙerin Japan, Masamune, da ya ɓace tun bayan yaƙi, har yau nemansa ake. Wa ya sani ko shi ne a adakar Inna. Ka sami toka da lemon tsami da sanfefa mai laushi ka darje shi sosai, musamman wajen da rubutu yake, don a iya karantawa. In kuɗi sun zo kar a manta da mu.

Baƙon Okayama:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Kafin komai, Malam Jikan Saje, don girman Allah ka ɓoye takobin nan daga ƙanenka, kuma kar ka bi shawarar ɗan'uwana Ɗan Gwangwan. Ba toka, ba lemon tsami, ba sanfefa, ba inji. Minti biyar a hannun mai wasa wuƙa zai cinye abin da shekaru 80 a gida ba su ci ba.

Ni ba gwani ba ne. Sana'ata lodin tsofaffin injuna zuwa gida, amma shekara shida ke nan ina zaune a lardin Okayama, wanda ya haɗa da tsohuwar ƙasar Bizen, inda aka fi ko'ina ƙera takubba a tarihin Japan. Akwai gidan adana takubba a Osafune, cikin birnin Setouchi, da maƙera da masu washi suna aiki a gaban jama'a. Zuwa can ranar hutu ya zame mini jaraba, har matata ta daina tambayar inda zan je.

Kayan da ka kwatanta na hafsoshin sojan ƙasa ne na lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda ake kira shin-gunto. Furannin nan na wata bishiyar Japan ne, sakura, farar fatar kuma ta wani kifi ce. Amma kaya riga ce kawai. Abin tambaya shi ne ƙarfen da ke cikin rigar, kuma iri uku ake samu. Akwai na masana'anta, wanda aka buga da yawa da ƙarfen zamani aka tsoma a mai, su ne showato. Akwai wanda maƙerin gargajiya ya ƙera a zamanin yaƙin. Akwai kuma tsohon takobin gado, mai shekara 300 ko 500, da hafsa ya ɗauko daga gidansu aka sa masa kayan soja ya tafi da shi fagen fama. Akwai na huɗu ma, na jabu ƙirar Chaina, amma tun da naku ya shigo gida a 1946, wannan ba ya cikin lissafi.

Amsar tana cikin mariƙi. Ka duba tsakanin saƙar zaren, za ka ga kan wata 'yar ƙusa ta gora. Ita kaɗai ke riƙe da komai. Ɓangare ɗaya ya fi kauri, don haka ka tura ta daga siririn ɓangaren da wani ɗan tsinke mai ƙarfi. Sai ka riƙe takobin a tsaye da hannu ɗaya, ka bugi wuyan hannun da ɗayan hannun, mariƙin zai saki. In ya ƙi, kar ka sa guduma, ka dawo mu yi magana. Abin da zai fito shi ne jelar ƙarfen, suna kiranta nakago. A nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, wani lokaci da shekara a ɗaya gefen.

Tsatsar da ke kan jelar nan ita ce takardar haihuwar takobin. Ta shekara 80 ja-ja ce ko ruwan ƙasa, kuma za ka ga sawun magagari rangaɗau. Ta shekara 500 baƙa ce wuluk, mai santsi, kamar gindin tsohuwar tukunya. Wanda ya goge ta ya yaga takardar da hannunsa, kuma ba ta dawowa. Ka duba sama da rubutun ko akwai ɗan ƙaramin hatimi da aka buga. Hatimin fure mai harafin Showa a ciki, wato sunan zamanin sarkin Japan na lokacin, ko hatimin garin Seki, yawanci alamar na masana'anta ne. Tauraro kuma alamar maƙerin da sojan ƙasa suka amince da shi ne, wanda ake ba ƙarfen gargajiya. Ka ƙirga ramukan ƙusa nawa ne.

Zancen Masamune kuwa, gaskiya ne akwai wanda ya ɓace. Honjo Masamune ake kiransa, gadon gidan Tokugawa ne, masu mulkin Japan na da, an miƙa shi ga ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo a watan Disamba na 1945 lokacin da sojojin da suka mamaye Japan ke karɓe makamai, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A Tokyo ya ɓace bayan an gama yaƙi, bai taɓa zuwa dajin Bama ba. Kuma Masamune, wanda ya yi aiki a Kamakura wajen ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, takubban da ke ɗauke da sa hannunsa na gaske 'yan kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu gajerun wuƙaƙe. Don haka in ka zare mariƙi ka ga an rubuta Masamune ɓaro-ɓaro a dogon takobi, ba abin murna ba ne.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki da na fara shiga harkar: masu tantancewa ba su fara duba suna. Suna shi ne na ƙarshe. A zaman da suke kira kantei, rufe jelar ake yi da mariƙin katako a miƙa maka takobi, ka faɗi wanda ya ƙera daga abin da idonka ya gani. Da farko siffa: tsawo, faɗi, inda lanƙwasar ta fi zurfi, girman tsini, wannan ke faɗa maka zamani. Sannan fatar ƙarfen, wadda ke da zane kamar jijiyar katako, ita ke nuna yanki, ko Bizen ne, ko Yamashiro, Yamato, Soshu ko Mino. Sannan layin nan da ka gani da fitilar waya, hamon, shi ke kai ka ga gidan maƙeran, wani lokaci har ga mutum ɗaya. Sai an gama duk wannan ake buɗe jela a ga ko sunan ya yarda da aikin. In suka saɓa, aikin ake gaskatawa. Sa hannun ƙarya, gimei, ya cika duniya, kuma ba yau aka fara ba. Akwai wani maƙerin birnin Edo, wato Tokyo ta yau, na ƙarni na 17, Kotetsu, wanda asali sulke yake ƙerawa kafin ya koma takobi. An yi ta sata da sunansa har masu harkar suke cewa in ka ga Kotetsu ka ɗauka na jabu ne.

Ka zare, ka ɗauki hoton jelar duka gefe biyu, tsini yana sama. Kar ka shafa alli ko hoda don rubutu ya fito, hasken taga daga gefe ya isa.

Maƙerin Gado:

Salamu alaikum. Ni ɗana ne ya nuna mini wannan zance, shi ke rubuta mini. Ƙira gadonmu ce, garma da lauje da wuƙa, takobin hawan sallah ma muna yi.

Yaro, abin da Baƙo ya faɗa maka a kan inji gaskiya ne. Dutsen inji yana ɗumama ƙarfe, in ka ga bakin wuƙa ya yi shuɗi to taurinta ya tafi, sai dai a mayar da ita wuta.

Amma ina da tambaya gare ka Malam Baƙo. Mu in muka tsoma dogon ƙarfe a ruwa, ko dai ya karkace ko ya tsage, shi ya sa da yawanmu suka koma baƙin mai. Su yaya suke yi? Kuma layin nan da kuke ta faɗa, zana shi ake yi ko kuwa? Kakanninmu ma sun narka tama a rahoniya kafin ƙarfen mota ya zo ya kashe abin, ni ban riski wannan ba sai labari.

Baƙon Okayama:

Baba, ran maƙeri ya daɗe. Gaba da gabanta, ku ne ya kamata ku yi mana bayani.

Su ma yana tsage musu, Baba. Na ga maƙeri ya ɗaga takobi daga ruwa, ya duba bakin, ya ajiye shi gefe bai ce uffan ba, aikin makonni ya tashi a banza. Dabarar laka ce. Kafin a kai shi wuta ta ƙarshe, sai a kwaɓa yumɓu da garin gawayi da garin dutse a shafe ruwan takobin, da kauri a gadon baya, siriri a wajen kaifi. Ana kashe fitilu don a ga launin ƙarfen da kyau, sannan a tsoma a ruwa. Bakin yana hucewa nan take ya yi tauri ƙwarai, bayan kuma lakar ta rufe shi, yana hucewa a hankali ya zauna da sauƙinsa. Iyakar da ke tsakanin taurin nan biyu ita ce hamon. Ba zane ba ne, cikin naman ƙarfen yake, kuma yadda maƙeri ya ɗora lakarsa haka zai fito. Kanemoto na garin Seki, alal misali, an san gidansu da layi mai tsini uku-uku kamar jerin bishiyoyi. Karkacewar da kuke gudu kuwa, su sun mayar da ita ado: wani kaso na lanƙwasar takobin a cikin ruwan nan yake samuwa.

Narkar da tama kuma ba su bar ta ta mutu ba. A Okuizumo, lardin Shimane, an farfaɗo da murhun gargajiya, tatara, a 1977. Da hunturu ake hura shi, kwana uku dare da rana, ana zuba baƙin yashi mai ƙarfe kimanin tan 10 da gawayi kimanin tan 12, sannan a fasa murhun a jawo dunƙulen ƙarfe. Mai kyaun cikinsa shi ne tamahagane. Maƙeri zai farfasa shi, ya ware mai tauri da mai laushi, ya yi ta ninkawa yana bugawa don datti ya fita. Ninki 15 ya ba da hawa 32,768, shi ne jijiyar da ake gani a fata. Daga nan a naɗe mai laushi a cikin mai tauri. Yau ba ka isa ka ƙera takobi a Japan ba sai ka yi shekara biyar a ƙarƙashin maƙeri mai lasisi, kuma dogon takobi biyu kawai aka yarda ka yi a wata.

Washi kuma sana'a ce daban, mai koyonta yakan kai shekara goma. A zaune yake yi, da duwatsu kala-kala, na ƙarshen ɓalli ne siriri kamar takarda da yake murzawa da babban yatsa.

Jikan Saje:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Maƙeri, na karanta wa ƙanena maganarka, ya yi shiru.

Jiya bayan la'asar na zare. Ƙusar gorar ta karye biyu wajen fita, mariƙin kuma sai da na bugi hannuna har ya yi ja kafin ya saki. Ga hotuna na saka. Jelar baƙa ce ƙirin, ba hatimi ko ɗaya, na duba da gilashin Inna na karatu. Ramuka uku ne, ƙusar tana cikin na sama. Ƙarshen jelar a yanke yake ɗaf, kamar an sare rake. Rubutu gefe ɗaya ne kawai, can ƙasa kusa da yankan, haruffa huɗu, sai wani ɗan ɓurɓushin na biyar da yankan ya cinye. Na auna da tef ɗin tela daga inda jela ta ƙare zuwa tsini, santimita 64.

Baƙon Okayama:

Malam, na daɗe ina kallon hotunan nan. Mai taimakon dubu 150 ya san abin da ya gani.

Haruffa huɗun ana karanta su Bishu Osafune, wato "Osafune ta ƙasar Bizen". Garin da nake gaya maka ina zuwa ranar hutu ke nan. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne sunan maƙerin, kuma shi ne aka sare. Takobin ya fi haka tsawo da farko. Wani mai shi, ƙila ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya ga ya yi masa tsawo, aka rage shi. Ba a rage takobi ta tsini don taurin bakin zai lalace, ta gindi ake yankewa a matsa mariƙi sama, a huda sabon rami. Suna kiran wannan suriage. Ramuka ukun nan na nuna an sake masa mariƙi ba sau ɗaya ba. Da yake suna rubutu daga sama zuwa ƙasa, garin ya tsira, mutumin ya tafi.

Kar ka fara gina bene tukuna. Osafune ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙira kafin ambaliyar kogin Yoshii ta share ta wajen ƙarshen ƙarni na 16. A cikin masu sa hannu da Bishu Osafune akwai manya irin su Kanemitsu na ƙarni na 14, da Morimitsu da Yasumitsu na farkon ƙarni na 15. Akwai kuma takubban da aka riƙa bugawa dami-dami a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 16 don talakan soja, da yawansu da sunan Sukesada, sunan da maƙera masu yawa suka yi amfani da shi. Waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma in za ka yi caca, a nan za ka ajiye kuɗinka. Sannan rubutun kansa zai iya zama na ƙarya. Tazarar farashin kuwa ba a magana: birnin Setouchi ya sayi wani takobin Bizen ɗaya, Sanchomo, a kan yen miliyan 500 a 2020, alhali na dami-damin nan in sun gaji, kuɗinsu ba ya biyan ladan mai washi.

Wanda zai raba gardama shi ne zaman tantancewa. Tun zamanin sarakunan yaƙi gidan Hon'ami ke wannan aiki, suna ba da takardar shaida, wani lokaci su cusa sunan maƙerin da zinariya a jelar takobin da aka rage. Yau hukumar da aka fi yarda da takardarta ita ce NBTHK, wadda aka kafa a 1948 don ceto takubba daga narkarwa. Matakanta huɗu ne: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, da Tokubetsu Juyo. Irin naka za su dubi aikin su jingina shi ga wani zamani ko wani gida. Sai dai takobin ya je Japan ta hannun wakili, a yi masa rajista da shigarsa, kuma sai ƙarfen ya fito sarai yadda za a iya karanta shi, wato sai an yi washi. Kuɗi ne masu yawa da jira na watanni. Ba abin gaggawa ba ne.

Abin yi yanzu: ka goge ruwan takobin da tsumma mai laushi, ka shafa man keken ɗinki kaɗan, sama-sama. Su man choji suke sa wa, mai ƙamshin kanumfari, amma na keke ya wadatar. Jela kar ta ga mai. Kar ka taɓa ƙarfen da yatsa, gumi ne ke haifar da tabon da ka gani. Ka feƙe sabuwar ƙusa da busasshiyar gora, kar ka sa ta ƙarfe, kuma kar ka bar shi ba ƙusa, zai iya sulluɓewa ya sare maka ƙafa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A hoto na huɗu, kamar taƙi ɗaya daga tsini, na ga wani abu a bakin. Ka duba da gilashin Inna. In ɓalli ne, mai washi zai iya cire shi. In kuwa siririyar tsaga ce kamar gashi da ta taso daga kaifi ta miƙe cikin hamon, ita ce hagire, ba ta da magani, kuma da wuya a ba shi takarda.

Jikan Saje:

Na duba. Ɓalli ne, kamar rabin ƙwayar gero, ban ga wani layi ya taso daga cikinsa ba, na juya shi ta kowane gefe.

Ina cikin dubawa Inna ta leƙo ta tambayi abin da nake nema. Da na nuna mata sai ta kama baki tana dariya. Ni duk zatona a dajin Bama ya samu wannan rauni. Ashe wata babbar sallah ce, tun tana budurwa, kakan ya tafi masallacin idi, wani kawunmu ya saci jiki ya ɗauko takobin ya sari ƙashin sa da shi. Ta ce kwana uku kawun yana kwana a gidan maƙwabta.

Na samu gora a wajen masu yin kejin kaji, gobe zan feƙe ƙusar. Malam Baƙo, in turo hoton tsinin da hasken taga ko da fitila?